Baki Huɗu, Nono Ɗaya

Azahar ta wuce a Kusuri, kwanon rumfata na ƙara don zafi,
Logon na can ƙasa, ya rame kamar mai azumi,
ni kuwa ina durƙushe bayan talabijin,
tocila a baki, ina bin wayoyi.

Yara shida a benci, kowa ya biya sefa ɗari.
Wasan ƙwallo ya kai minti tamanin
sai hannun Barkindo ya mutu.
Ɗan wasansa ya tsaya cak a tsakiyar fili
kamar wanda ya tuna bashi,
Abakura ya zura ƙwallo, rumfa ta kaure da ihu.
"Ba ci ba ne!" "Ci ne!" "A maido mini kuɗina!"

Na zare, na hura, na mayar.
Na juya kan wayar, don kullum sai a karo na uku take shiga.
Fitila ta ƙyafta sau biyu, ta yi shiru.
Na canja rami. Na canja waya,
na ɗauko baƙar nan da ɓera ya ɗanɗana.
Na kashe na'ura, na ƙirga talatin,
ina salati tsakanin lambobi,
na kunna. Tana nan jiya i yau.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na sa hannun kai tsaye a ƙirjin na'ura,
ya farka garau, har yana rawa a tafina.
Ashe ba shi da laifi.
Sai na dubi ƙaramin akwatin USB mai baki huɗu
da na sayo a ƙetaren gada, kasuwar Njamena, jaka biyu,
mai shagon na rantsuwa zai ɗauki raƙumi da kayansa.
Araha ba ta ado.
Baki huɗu gare shi, nono ɗaya yake tsotsa,
akuya ce aka jingina wa 'ya'yan maƙwabta.

Na zare kowa, na shiga mayarwa ɗaya bayan ɗaya.
Hannu na farko, lafiya.
Na biyu, lafiya.
Rumbun wasanni ya yi ƙyas-ƙyas, ya daure.
Baki na huɗu fa?
Wata farar waya, siririya, ban san ta ba.

Na bi ta da yatsa, ta ƙarƙashin tabarma,
ta bayan randa, ta ratsa hujin zana,
ta shiga tsakar gidanmu.
Can a kan faifai, gefen ƙwaryar kuɓewa,
ƙaramar wayar Inna Dudu ce kwance tana shan wuta.

Kwana uku unguwa ba lantarki,
batirin sola nawa kaɗai ke numfashi,
kan cajarta ya ƙone tun damina.
Yau kwana huɗu Saliyu ya taso da tirela daga Ngawundare,
ko kira ɗaya.
Tana yankan kuɓewa, ba ta ɗago ba,
ta ce, "Ɗan kaɗan nake ci, ai ba ta da ciki."

Na tsaya, wayar tsakanin yatsuna.
Zarewa ba ta kai numfashi ɗaya ba.

Na koma rumfa, na cire hannu guda,
na mayar wa Barkindo ɗarinsa,
na ce musu akwatin ne ya gaji,
gobe in ƙetare gada in sayo mai wutar kansa,
yau sai a buga bi da bi.
Suka yi gunaguni, suka jera.

Gab da magariba, Abakura na shirin bugun fanareti,
sai ƙara ta tashi a bayan zana,
na ji faifai ya kife, kuɓewa ta watse,
na ji muryar Inna, tana rawa, tana faɗa:
"Kai ɗan nan, kana ina?"

Abakura ya buga. Ta daki turke.